Amsar Tambaya: Sana'a Ga Mai Larurar Ƙafa a Wusasa

Tambaya: Wace sana'a ta dace da matashi mazaunin Wusasa wanda shan inna ya raunata ƙafafunsa, kuma jarinsa kaɗan ne?

Amsa: Abin da ya kamata mai tambaya ya fara aunawa shi ne zirga-zirga, domin Wusasa tana wajen ganuwar birnin Zariya, kuma kuɗin abin hawa zuwa kasuwar Sabon Gari kullum kan cinye ribar ƙaramin ɗan kasuwa. Saboda haka sana'ar zaune, irin su ɗinkin hula, dukanci ko gyaran waya, ta fi masa, musamman da yake masu zuwa asibitin St. Luke da ke Wusasa ba sa yankewa, kuma birni cike yake da gwanayen ɗinki da zai koya a wurinsu.

Game da jari, adashi, wato tara kuɗi tsakanin amintattu ana kwasa bi da bi, ya fi bashin ruwa sauƙi. Haɗin gwiwa ma yana da amfani, kamar yadda ƙungiyar masu shan inna ta Kano ta nuna, inda mambobinta ke ƙera kekunan guragu suna sayarwa.

Ya kuma sani cewa dokar tarayya da aka sanya wa hannu a 2019 ta haramta nuna wa masu buƙata ta musamman wariya. Ban da doka, ya kamata 'yan uwa su taimaka masa da jari da wurin zama, maƙwabta kuma su saya a wurinsa, su biya a kan lokaci.