Wane Gari Ya Fi Daɗin Zama?

Gwammaja unguwa ce a cikin birnin Kano, kusa da Dutsen Dala. Mutanenta sun haɗa da teloli da 'yan kasuwa da malamai da ma'aikatan asibitin ƙashi na Dala. Da yawa cikinsu sun yi yawon duniya, sun zauna garuruwa iri iri. Saboda haka in suka taru hira bayan sallar isha'i, ba a rasa gardama a kan garin da ya fi daɗin zama.

Ran nan gardamar ta tashi a kan wani saurayi kafinta, wanda aka yi wa tayin aiki a Abuja. Ladan aikin ya fi abin da yake samu a Kano nesa ba kusa ba. Amma mahaifiyarsa ta tsufa, shi kaɗai ne kuwa ɗanta da ya rage a gida. Sai ya kawo maganar gaban manya.

Wani tsohon direba ya fara. Ya ce, "Yaro, in daɗi kake nema, ni ban ga kamar Jos ba. Garin yana bisa tudu, wajen ƙafa 4,000 sama da teku. Lokacin bazara, sa'ad da muke kwana a tsakar gida saboda zafi, su da bargo suke kwana. Ga dankalin Turawa, ga kabeji, ga karas."

Malamin makaranta ya yi murmushi, ya ce, "Alhaji, sanyi ai ba ya koya wa yaro karatu. Ni Zariya nake so. Can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, can aka buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Mai 'ya'ya ya zauna kusa da littafi."

Wani kuma ya yabi Katsina saboda kunyar mutanenta da ladabinsu. Wani ya ce Sakkwato, don a can Hubbaren Shehu yake, ko da yake ya yarda zafinta sai mai haƙuri.

Duk wannan ana yi, wani dattijo mai sayar da goro bai ce uffan ba. Da aka nemi bakinsa, ya ce, "Kowa ya yabi garin da ya ci riba a cikinsa. Ku dubi Alhassan Ɗantata. A Bebeji aka haife shi, ya yi fataucin goro har ƙasar Gwanja, wadda take cikin Gana a yau. Ya ga garuruwan bakin teku da dukiyarsu. Amma da hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe, a Kano ya kafa gidansa. Kafin ya rasu a 1955, ana ce babu attajiri kamarsa a Afirka ta Yamma."

Da ma dattijon bai yi nisa da misali ba, gama akwai wani a unguwar tasu. Malam Aminu Kano ya koyar a Bauci da Maru, ya yi karatu a Landan, ya riƙe muƙami babba a Ikko zamanin mulkin Janar Gawan. Duk da haka a Gwammaja ya zauna, a gida marar ƙawa, ƙofarsa a buɗe ga talakawa, har ya rasu a 1983. A gidan aka binne shi. Shi ne Gidan Mambayya, wanda Jami'ar Bayero take kula da shi yanzu.

Kada dai a ce Kano ba ta da aibu. Akwai cunkoso, akwai ƙura da hunturu, ruwan famfo kuwa ba kullum yake zuwa ba. Ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara ginawa ta zube a wurare da yawa. Abuja, wadda gwamnati ta koma cikinta a 1991, ta fi ta faɗin tituna da tsabta. Sai dai hayar ɗaki a can tana da tsada ƙwarai, har ƙananan ma'aikata da yawa sukan kwana a Mararraba ko Suleja, su yi sammako zuwa wurin aiki.

Da saurayin ya ji haka, sai ya ɗauki alli ya yi lissafi a jikin allon katako. Ya fid da kuɗin haya, da na mota, da na abinci, gama a can ba mai dafa masa. Abin da ya rage bai kai yadda ya zata ba, amma ya isa sayen injin yanka katako, wanda ya daɗe yana so.

Da safe ya durƙusa gaban mahaifiyarsa, ya ce, "Inna, ki yarje mini in tafi cin rani. Kafin ruwan farko ya sauka na dawo."

Ta ce, "In ƙanwarka za ta riƙa leƙo ni, je ka. Allah ya tsare hanya."

Tambayoyi

1. Me ya sa Jos ta fi Kano sanyi?
2. A wace shekara hanyar jirgin ƙasa ta iso Kano?
3. Mene ne cin rani?
4. In kai ne kafintan nan, wane gari za ka zaɓa? Faɗi dalilinka.