Ƙanjamau, Ƙwaya da Yanke Shawara

Malam Habu daga Adjamé, Abidjan, yana tambaya: shin ƙanjamau da shan ƙwaya suna sa mutum gaggawa?

Malam Habu, suna sawa. Gaban ƙwaƙwalwa shi ne birkin mutum, shi ke cewa dakata, yi tunani. Ƙwayar cutar ƙanjamau, idan ba a shan magani, takan shiga ƙwaƙwalwa ta raunana wannan birki. Tramadol da hodar iblis ma suna raunana birkin, sai mutum ya zaɓi daɗin yanzu ya manta gobe, har ya riƙa tsallake maganinsa.

Shan maganin ƙanjamau kullum yana taimakawa wajen kare ƙwaƙwalwa. A je sashen cututtuka masu yaɗuwa na asibitin koyarwa na Treichville, a faɗa wa likita gaskiya game da shan ƙwaya. Allah ya ƙara lafiya.