Sata ta sake kama: darasi a kan tsaron dukiya a Kore Mairuwa

Gari ya girma

Kore Mairuwa tana bisa babbar hanyar mota wadda ta taso daga Yamai, ta bi ta Doso, ta nufi Dogon Dutsi. A shekarar 2002 doka ta mai da ita ƙaramar hukuma. A 2011 aka fid da gundumar Tibiri daga ta Dogon Dutsi, Kore Mairuwa ta koma cikin Tibiri. Ƙidayar 2012 ta samu mutum fiye da 50.000 cikin garin da ƙauyukansa.

Ba ita kaɗai ta girma ba. Mutanen garin Dogon Dutsi kusan 15.000 ne a ƙidayar 1977. A 2012 sun kai kusan 37.000.

Girman gari alheri ne. Kasuwa tana cika, sana'a tana ƙaruwa. Amma inda dukiya ta taru, nan ɓarawo yake sa ido.

Satar da, da satar yanzu

Da can, abin da ake sata sananne ne: damen hatsi a gona, akuya a turke, kaza a akurki. Ɓarawo a ƙasa yake tafe. In gari ya waye sai maza su bi sawunsa har inda ya tsaya. Kowa ya san kowa, kowa ya san bisashen maƙwabcinsa. Maigari ya tara dattijai, a kashe magana.

Yanzu abu uku sun sake.

Na ɗaya, kayan da ake sata. Yau ɓarawo ya fi son abin da ba shi da nauyi amma yana da tsada: salula, moto, batir da faifan hasken rana, injin ban ruwa na garka. Da can salula ba ta yaɗu a Nijar ba. Yanzu ita ce ake yawan zarewa daga aljihu a cikin cunkoson kasuwa.

Na biyu, saurin tafiyar kayan. Sawu ba ya fita bisa kwalta. Akuyar da aka kwance da dare, moto ne yake ɗaukar ta. Iyakar Najeriya kuma ba ta da nisa daga ƙasar Arewa. Kafin mai ita ya farka, ta yi nisa.

Na uku, makami. Tun wajen 2017 ɓarayin shanu masu bindiga suka fara addabar garuruwan bakin iyaka. Abin ya fara da jihar Maraɗi, ya bi iyaka har ya taɓa yankin Dogon Dutsi. Waɗannan ba a tarar su da sanda. Aikin jami'an tsaro ne. Abin da ya hau kan talaka shi ne ya kai labari da wuri.

Kar a ɗora laifi duka bisa baƙo. Da ɗan gari akan ci gari. Sau da yawa wani na kusa ne yake nuna gidan da maigida ya tafi biɗa, ya bar mata da yara.

Wa ke raya ɓarawo?

Ɓarawo ba ya cin moto, ba ya shan salula. Saida su yake yi. Ke nan mai saye shi ne yake raya shi. Tun 1961 dokar Nijar ta hukunta laifuffuka ta tanadi horo ga ɓarawo, ta kuma tanadi horo ga wanda ya karɓi kaya ko ya ɓoye su alhali ya san na sata ne.

Ga misali. Manomi ya ga san noma mai ƙiba a bayan kasuwa. An yi masa rabin kuɗi. Babu dillali, babu shaidu, babu takarda. Ya biya, yana murna. Bayan kwana bakwai mai sa ya zo da jandarma, ya nuna shaidar da ke jikin dabbarsa. Manomi ya rasa sa, ya rasa kuɗi, ga tambayoyin hukuma. Araha ta zame masa tsada.

Alƙalami ma shinge ne

Shingen ƙaya yana tsare garka. Rubutu yana tsare dukiya. Wanda ya shiga ajin yaƙi da jahilci yana iya yin abu huɗu da hannunsa:

1. Ya samu littafi, ya rubuta bisashensa ɗaya bayan ɗaya: launi, shekaru, tsagar kunne, lalas.
2. Ya kwafe lambar jikin moto da ta injinsa, ya ajiye takardun saye a wuri dabam.
3. Ya danna *#06# a salularsa. Lamba mai ƙwaya 15 za ta fito. Ya rubuta ta. Ko an sake kati, lambar nan ba ta sakewa.
4. In zai sayi dabba, ya saya cikin kasuwa, a hannun dillali sananne. A rubuta sunan mai saidawa, garinsa, kuɗin, ranar, da sunayen shaidu biyu.

Mata ma haka. Awaki da tumakin da mace ta tara da gumin ta, ita ma ta rubuta su.

In an yi sata

Mai kaya kar ya yi shiru don kunya. Ya sanar da maigari nan take. Ya tafi wurin jandarma mafi kusa da littafinsa a hannu. Ya ba da cigiya wurin dillalan kasuwannin kewaye da gidan rediyo. Satar da ba a kai ƙara ba, hukuma ba ta san da ita ba, ba ta kuma iya lissafa ta.

In an kama wanda ake zargi, kar a buge shi. Zargi dabam, shaida dabam. Wanda ya raunata mutum ko ya kashe shi, shi ma ya shiga hannun shari'a, ko da ɓarawo ne ya taɓa. A miƙa shi ga hukuma.

Kwana dubu na ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Amma ranar nan ta fi saurin zuwa ga mai kayan da ya rubuta shaidar kayansa.

Tambayoyi don tattaunawa cikin aji

1. Waɗanne abubuwa uku suka sake game da sata?
2. Mutum nawa suka ƙaru a Dogon Dutsi daga 1977 zuwa 2012?
3. Don mi mai sayen kayan sata yake da laifi?
4. Kowane ɗalibi ya rubuta kamannin dabba guda ta gidansu, ya karanta wa aji.