Hayaƙin mota ba ya tsayawa a bakin ƙofa

Bayan girbi, samari da yawa suna barin ƙauye su tafi cin rani Yamai. Wasu suna samun wurin kwana kusa da tashar Wadata ko kasuwar Katako. Wasu suna kafa teburin shayi a bakin titin Mali Bero. Nan ciniki yake, nan kuma hayaƙi ya fi yawa.

Yamai ta girma. A ƙidayar 2012 mutanenta sun wuce miliyan ɗaya. Taksi, faba-faba, kamiyo da moto suna cika hanya safe da maraice, musamman wajen gadar Kennedy. Motoci da yawa tsofaffi ne, sun gama aiki a Turai kafin a kawo su. Tsohon inji ya fi sabo hayaƙi.

Me ke cikin hayaƙin? Akwai baƙin gari mai laushi ƙwarai, wanda ido ba ya ganin ƙwayarsa. Hanci yana tare ƙura mai kauri, amma wannan gari yana wucewa har cikin huhu, wani ma ya shiga jini. Yana kawo tari, yana tada fuka, yana gajiyar da zuciya. A 2012 masanan Hukumar Lafiya ta Duniya sun tabbatar hayaƙin gazuwal yana kawo ciwon daji na huhu.

Mutane suna zaton wanda ya shiga ɗaki ya tsira. Ba haka ba ne. Hayaƙi yana bin taga da ƙarƙashin ƙofa, ya zauna a ɗaki, a kwana ana shaƙarsa. Da hunturu abin ya fi muni: sanyin asuba yana danne hayaƙi ƙasa, ga hazo kuma. Yara sun fi cutuwa, don numfashinsu ya fi na manya sauri, kuma tsayinsu kusa yake da bututun hayaƙin mota.

Nisa yana da amfani. Gidan da ke mita 200 daga babbar hanya ya fi na bakinta iska mai kyau. Mai neman ɗakin haya ya tuna da wannan, ko da zai ƙara tafiya. Wanda ya riga ya zauna a bakin hanya, ya bar wa yara da tsofaffi ɗakin baya. A rufe tagar da ke duban hanya lokacin cunkoso, a buɗe ta tsakar gida.

Amma a kula: kada a rufe ɗaki da wutar itace ko gawayi a ciki. Kada a tada moto a ɗaki ko a zaure. Dukansu suna fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mai barci.

Ɗan cin ranin da ya komo gida da tari, in tarin ya kai sati biyu, ya tafi likita a duba shi.