Idan An Tura Ka Wurin Likitan Ƙwaƙwalwa

Sa'ad da likita a asibitin Gwarzo ya ba ka takarda zuwa Dawanau saboda faɗuwar gaba da rashin barci, ba cewa ya yi ka haukace ba. Yawancin masu wannan ciwo a ranar suke komowa gida.

Zuwan farko hira ce. Za a tambaye ka barci, karatu, zaman gida, har goro da taba. Kada ka ɓoye maganin gargajiyan da ka sha. Wataƙila a gwada jininka, gama wani irin maƙoƙo yakan kawo bugun zuciya.

In an ba ka ƙwaya, takan ɗauki mako 2 zuwa 6 kafin sauƙi ya zo. A nan ne mutanenmu sukan gaji su watsar. Ka ci gaba da sha, ka koma ranar da aka rubuta a katinka.