Me Ya Sa Rubutun Bai Fito Ba?

Babu abin da ke karya gwiwar ɗalibi mai koyon tsara shafin intanet kamar ya rubuta umarni, ya buɗe shafin, ya tarar da shi fayau. Galibi laifin ba na kwamfuta ba ne, umarnin ne bai sami abin da aka aike shi nema ba.

A harshen JavaScript, wanda Brendan Eich ya ƙirƙiro a kamfanin Netscape cikin 1995, ana bin matakai biyu kafin rubutu ya bayyana. Da farko a nemo sashen shafin, sa'an nan a zuba masa rubutu. Ga misali:

document.getElementById("gaisuwa").textContent = "Barka da zuwa";

Idan ba a sami sashen ba, amsar da ke dawowa ita ce null, wato babu kome, daga nan kuwa aiki ya tsaya. Dalilai uku ne suka fi jawo haka.

Na farko, burauza takan karanta shafi daga sama zuwa ƙasa. In an sa umarnin a sama, zai nemi sashen da ba a kai ga ginawa ba tukuna. Maganinsa shi ne a mayar da umarnin ƙarshen shafi, dab da alamar rufe body.

Na biyu, wannan harshe yana bambanta babban baƙi da ƙarami. A wurinsa "Gaisuwa" dabam, "gaisuwa" dabam.

Na uku, kowace hanyar nema da ƙa'idarta. Mai amfani da querySelector sai ya fara da alamar #, wato "#gaisuwa", alhali getElementById ba ya bukatarta.

Wani lokaci kuma akan sami sashen amma rubutu ya ƙi fita. Alal misali, getElementsByClassName jerin sassa yake kawowa, ba guda ɗaya ba. Dole a zaɓi ɗaya da lambarsa, kuma ƙidayar daga 0 take farawa.

Saboda haka, kafin ɗalibi ya taɓa kome, ya danna F12 ya karanta saƙon kuskure, domin yakan faɗi layin da matsalar take. Yana da kyau malamai su riƙa ba ɗalibai umarni mai kuskure su gyara da kansu. Wanda ya iya tambayar "an sami sashen kuwa?" ya kama bakin zaren.