"KA" DA "KI" A BAKIN IYAYE: NAZARI A KAN RABON AIKIN GIDA

Ni Bayarabe ne, kuma duk wanda ya koyi Hausa da girmansa kamar ni ya san wahalar "ka" da "ki". A Yarbanci "ìwọ" ta wadatar, ko da namiji kake magana ko da mace, haka kuma "òun" ta ɗauke "shi" da "ita". Ina aji ɗaya na taɓa ce wa wata malamarmu "ka kwana lafiya?", aka yi ta mini dariya. A lokacin na ɗauka matsalar nahawu ce kawai. Sai da na yi hutu a gidan su wani abokina a Zariya na gane cewa da waɗannan ƙananan kalmomi ake raba wa yara aiki.

Kamar yadda aka koya mana, Hausa tana nuna jinsi a wakilin suna na mutum na biyu da na uku idan tilo ne: kai da ke, shi da ita. Saboda haka duk aiken da uwa ta yi da "ka" ko "ki", ta faɗa wa yaro aikin, ta kuma tuna masa jinsinsa. Na riƙa rubuta umarnin da Inna take bayarwa. Abin da ya biyo bayan "ki" shi ne shara, wanke-wanke, hura wuta, tankaɗe da goya ƙani. Abin da ya biyo bayan "ka" kuwa yawanci a waje yake: sayo kalanzir, kai wa Baba abinci kasuwa, yanko wa awaki ciyawa.

Inda abin ya fi ba ni sha'awa shi ne jam'i. "Ku" ba ta da jinsi. Amma idan Inna ta ce "ku kwashe kwanukan nan", 'yan matan ne suke miƙewa, mazan ko motsi ba sa yi, kuma babu mai yi musu faɗa. Nahawu bai ware kowa ba a wannan jimla, yaran ne suka riga suka san wa ake nufi. Wata rana na ɗauki tsintsiya don in taimaka, sai Inna ta ce, "Haba ɗan nan, ajiye! Ina 'yan matan suka shiga?" Ƙanwar abokina da ke karatun jarrabawar fita sakandare ta rufe littafinta ta zo ta karɓa. Na ji kunya ƙwarai, domin taimakona ne ya tashe ta.

Akwai kuma kalaman horo. Yarinya idan ta ƙona miya sai ta ji, "Haka za ki yi a gidan miji?" Yaro idan ya cika zama kusa da murhu sai a ce, "Kai mace ne?", wani lokaci har a kira shi ɗan daudu. Ita ana tsorata ta da gidan da za ta je, shi kuma da sunan da zai ɗauka.

To, mu duba kalmar "mai". Ita ma ba ta nuna jinsi, saɓanin maɗinki da maɗinkiya. Duk da haka Bahaushe zai ce "mai shayi ya buɗe", "mai tsire ya tashi", amma "mai ƙosai ta fito". Mai shayi yana soya ƙwai yana wanke kofuna, mai wanki da guga kuma yini yake yana wanki. Ke nan ba girki ko wanki aka hana namiji ba. Abin da aka koya masa shi ne kada ya yi su a tsakar gida, inda ba a biya. Masaniyar nan Enid Schildkrout, wadda ta buga nazarinta a kan yaran birnin Kano a 1978, ta nuna yadda matan kulle suke dogara da yara wajen aike da talla, da yadda yaro namiji yake janyewa daga cikin gida yayin da yake girma.

Kada 'yan'uwana ɗalibai su ɗora wa Hausa laifi, kamar yadda na so in yi da farko. Yarbanci ba shi da "ka" da "ki", amma a gidanmu a Ibadan ƙannena mata ne suke shiga kicin, ni kuwa wanke motar Baba ne aikina. Mahaifiyata ba ta buƙaci wakilin suna ba, suna kawai take kira, kuma mun san sunan da ke zuwa idan tukunya ce.

Ga ɗan aiki ga mai sha'awa. Idan ka je hutu, ko kin je, a rubuta umarni 20 da iyaye suka ba yara a yini guda, da harshen da aka yi su, da wanda aka kira. A ware waɗanda aka bayar da jam'i, a rubuta wanda ya tashi.